Hujin da Ke Bangon Shagon Auta

Ni dai tun ina yarinya ba na shiri da ƙazanta. Idan ƙuda ya sauka a bakin kofi, na haƙura da ruwan nan ke nan, ko da ƙishirwa za ta kashe ni. Sai ga shi Allah ya haɗa ni da ƙane irin Auta, mutumin da zai goge hannu a riga, ya ɗaga rigar ya goge fuska, sannan ya zauna cin abinci hankalinsa kwance.

Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne na ƙarshe, tsakaninmu shekara goma sha biyu. Ni na goya shi, ni na yi masa tsarki yana jariri, shi ya sa har furfura ta fito masa a gemu ban daina yi masa faɗa ba. Shi ma bai daina ce mini "To, Yaya" ba, alhali ba abin da zai canza. Sana'arsa yankan makulli. Ka kawo masa naka, ya ɗaure shi a gefe ɗaya na inji, ya ɗaure sabo marar haƙori a ɗaya gefen, ya bi a hankali har sabon ya fito da haƙora irin na tsohon sak. Yana wasa wuƙa da almakashi kuma, amma makulli ne ya sa aka san shi. Mutane kan tsallake masu yankan makulli biyu su zo wurinsa, don nasa ba ya gardama a ƙofa.

Da ido ɗaya yake wannan aikin. Yana saurayi ɓurɓushin ƙarfe ya yi tsalle daga dutsen wasa wuƙa ya shige masa idon hagu. Maimakon ya tafi asibiti, sai ya tsaya wani abokinsa, ƙazami na ƙarshe, wai zai lasar masa da harshe ya fitar. Harshe fa! A cikin ido! Kwana biyar ido na ruwa yana kumbura, ko da aka kai shi wurin likita ya riga ya lalace. Tun daga ranar na ɗora wa kaina gadin na daman. Ni na saya masa tabarau mai kauri irin na masu aikin ƙarfe, na ce in na sake ganin ya kunna inji babu shi a fuskarsa, sai na fasa injin da taɓarya. Ya san zan iya. Wannan idon shi ne abincinsa, shi ne ƙafarsa, kuma duk layin sun san ba a wasa da ni a kansa.

Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsu guda ɗaya ta yi aure a wani gari. Ni ma maigidana ya rasu, yara sun kama gabansu. Saboda haka ni nake dafa masa, kullum da rana in ɗauki kwano in kai masa shago.

Shagon kuwa, ɗaki ne da in ka miƙe hannu biyu za ka kusa taɓa bango da bango. Shaguna shida ne a jere, mitar wuta ɗaya, waya ɗaya siririya ta ratsa su duka. Kusa da shi mai aski, can ƙarshen layi mai walda. Ko an kawo wuta, ba ta isar kowa. Da zarar mai walda ya ɗora sandarsa a kan ƙarfe, sai ƙwan fitilar Auta ya yi ja, inji ya yi gurnani ya tsaya cak a tsakiyar haƙori. In ya sake tashi, sai ya zabura ya ci wurin da bai kamata ba. Makulli ya ɓaci ke nan. Na taɓa tarar da wata mata da goyo tana zazzaga masa masifa, wai tun safe take tsaye a ƙofar gidanta makullinsa ya ƙi juyawa. Auta ya sunkuyar da kai yana ba ta haƙuri, ni kuwa kamar in tafi in shaƙe mai walda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ya koma aiki. Saboda duhu, sai ya riƙa kai fuskarsa dab da injin, hancinsa na neman taɓa makullin, ɓurɓushi na bugun tabarau tas-tas. Don haka ranar da ya ce mini ya samo dabara, har addu'a na yi masa.

Batiran babbar mota guda huɗu ya karɓo wurin wani bakanike abokinsa, tsofaffi, baƙaƙe ƙirin, kowanne sai mutum biyu sun kama. Ya haɗa musu akwatin katako mai murfi a ƙasan teburinsa, jikin bangon baya. Ya harhaɗa caja da hannunsa, ya samo wata na'ura da ake ce wa inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida.

"Kin ga, Yaya," in ji shi, "kamar randa ce. Famfo na ɗiga kaɗan-kaɗan, ki tara. In kin tashi wanki sai ki kamfata yadda kike so. Wutar layin nan ɗiga take yi, to ni tarawa zan yi."

Gaskiya dabarar ta yi. Mai walda ya yi ta tartsatsinsa, injin Auta ko gezau. Ya rataya farar fitila a saman teburi, ya ja fuskarsa baya, makullai suka koma fita lafiya lau. In an ɗauke wuta, duk layi su yi zugum suna fifita, shi kaɗai ake jin ƙarar aikinsa. Mai aski ya yi ta lallaɓa shi har ya ba shi waya ɗaya, don kada ya riƙa barin mutane da rabin kai.

To amma kai, ƙazantar da abin nan ya zo da ita! Ruwan batir ba ya barin tufa. Wandunan Auta suka koma kamar rariya, in na jiƙa su sai su narke mini a hannu. Kan batiran ya riƙa fitar da wani farin gari mai kore-kore, irin funfunar da ke kama abincin da ya kwana uku. In suna shan caji kuwa, sai wani wari ya tashi, na ruɓaɓɓen ƙwai. Duk wannan na iya daurewa. Abin da ya fi ƙarfina shi ne hujin.

Wata rana na zo da abinci na tarar ya fasa bangon baya, daidai inda akwatin yake, ya kuma cire katakon bayan akwatin. Huji ne da kan mutum zai iya shiga. Kuma ka san me ke bayan bangon? Lambatu. Ba lambatun ruwan sama ba, a'a, wanda masu sayar da abinci ke juye ruwan wanke-wanke, mahauci ya zubar da na hanji, maza marasa kunya su tsaya su yi fitsari rana tsaka. Baƙin ruwa ne mai kauri da kumfa a kai, ba ya tafiya, yana nan yana dahuwa a rana. Duk wannan ɗoyin Auta ya buɗe masa ƙofa ya ce bismillah.

Na toshe hanci da mayafi na ce, "Auta, ka haukace ne? Mene ne wannan?"

"Numfashi suke yi, Yaya."

"Su wa?"

"Batiran."

"Batir ne zai yi numfashi? Hanci gare shi?"

"In suna shan caji iska suke fitarwa, kuma iskar ba ta son a tsare ta. Don Allah kada ki taɓa hujin nan."

"Ni kuma tawa iskar fa? Ni ba na numfashi?"

Ya yi dariya ya ce, "To, Yaya."

Da wani ne ya faɗa mini, wataƙila da na saurara. Amma Auta mutum ne da yake magana da batiran nan kamar awaki. Akwai wanda yake kira Tsoho, akwai Rago, akwai Mai Ci. Da safe zai buɗe murfi ya ce, "Rago, yau ma ba ka ƙoshi ba?" Mutumin da ke gaisawa da batir ya ce maka batir na numfashi, ai sai ka ɗauka cikin shirmensa ne. Haka na ɗauka.

Shekara biyu ina shan wannan azaba. Ƙudaje manya masu sheƙi su taso daga lambatu su shigo ta hujin, su fito ta tsagar murfi, su sauka a kan abincin da na ɓata safiyata ina dafawa. Shi kuma ya kore su da bayan hannu ya ci gaba da ci, har da lashe yatsa. Ɓeraye suka mai da akwatin masauki. Kullum sai na yi mita, kullum sai ya ce to. Har mai aski ya riƙa tsokanata, in ya hango ni tafe sai ya ce, "Ga hukumar tsafta nan, kowa ya gyara zama."

Ranar da na kai maƙura, kwanon jiya na je ɗauka. Ya ci rabi ya rufe ya ajiye a kan akwatin. Ina ɗaga murfin kwanon, kyankyasai suka watso, manya da ƙanana, ɗaya ya bi hannuna ya shige cikin hannun riga. Na yi ihu, na yar da kwano, na fita bakin titi na yi amai har sai da idona ya yi ja. Auta ya biyo ni da ruwa a buta yana sannu, na ce ya matsa kada ya taɓa ni da wannan hannun.

A makon ne aka aiko cewa 'yarsa ta haihu. Ya shirya tafiyar kwana uku, ya kawo mini makullin shago har gida.

"Ki bar cajar a kunne," in ji shi. "Wutar layin ba ta da ƙarfin da za ta cika su. Ki dai riƙa leƙawa saboda ɓarayi."

Na karɓa na ce Allah ya kiyaye hanya. A raina kuwa na ce, yau shagon nan zai ga abin da bai taɓa gani ba.

Washegari da sassafe na isa da bokiti biyu, tsintsiya, sabulu da buroshi. Na fitar da komai waje. Abin da na kwaso a ƙarƙashin teburin nan, ba zan faɗa duka ba don kada in hana wani cin abinci: kashin ɓera ya kai mudu, ɓawon ayaba da ya zama baƙi, safa ƙafa ɗaya da ta sandare, da gawar wani ɓera da ta bushe ta manne a katako. Na wanke ƙasa sau uku. Na goge injin, na jera makullai a kan ƙusoshi, na wanke tabarau ɗinsa da ya yi maiƙo har ya koma kamar sabo, na rataye.

Sannan na juya kan hujin. Na cusa masa tsumma da ɓaraguzan bulo, na kwaɓa ragowar simintin da na roƙo wurin wani magini maƙwabcina, na shafe shi sumul. Na mayar wa akwatin katakon bayansa. Na yanka tsohon tiyub na keke na bi bakin murfin da shi da ƙananan ƙusoshi, yadda ko tururuwa ba za ta samu hanya ba. Na shimfiɗa leda mai furanni a kai, ta sauko har ƙasa.

Mai aski ya leƙo yana riƙe da almakashi. Ya dubi bangon, ya dube ni.

"Yaya, anya kuwa? Na ji yana cewa..."

"Kai dai je ka share gashin da ke ƙofarka," na ce masa. "Har cikin abincin mutane yake shiga."

Ya ja bakinsa ya koma. Na kunna turare, na tsaya tsakiyar shago na ja numfashi har cikin ciki. Wallahi na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba.

Abin da ban sani ba, cajar da Auta ya haɗa ba ta san ta tsaya da kanta ba. Bai taɓa damuwa da haka ba, don tsakanin ɗauke wuta da mai walda, batiran ba su taɓa cika sun yi yawa ba. To a wannan makon mai walda ya ƙone a hannu, ya rufe shago. Wuta kuma, wadda ba ta taɓa yin yini guda cur ba, ta zauna kwana biyu ba ko ƙiftawa. Duk layi ana ta murna. Ni ma na leƙa sau biyu, na ga leda tsaf, na ji ƙamshi, na kulle na tafi.

Ranar da zai dawo na riga shi zuwa, na buɗe shago na zauna a kan benci ina jiran yabo. Wajen ƙarfe goma sai ga shi da jakarsa, fuska cike da fara'a, yana ba ni labarin jaririya tun daga bakin ƙofa, wai hancina ta ɗauko. Ya shigo ya tsaya yana dube-dube.

"Kai, Yaya! Shagona ne wannan ko asibiti?"

Sai na ga dariyar ta tsaya. Ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya karkata kai wajen teburi. A lokacin ni ma na ji abin da yake ji, wani ƙara ƙasa-ƙasa daga cikin akwatin, kamar tukunya ta fara tafasa. Ya yar da jaka, ya durƙusa, ya yaye ledar, ya dafa katakon ya janye hannu da sauri. Ya ɓamɓare murfin da ƙarfi, ya kai fuska ciki, ya sa hannu ya fizge wayar caja daga kan batir.

Na ga tartsatsin, ɗan ƙarami ne. Ƙarar kuwa sai da ta toshe mini kunne. Murfin ya bugi teburi, makullan da na jera suka zube, wani abu mai zafi ya fantsamo mini a zane. Auta ya faɗo da baya hannuwansa biyu a fuska, yana kiran sunan Allah, yana kiran "Yaya, idona, Yaya, idona." Tabarau ɗin na rataye a ƙusa inda na sa shi, yana ƙyalli.

Mai aski ne ya yi hankalin da ni na rasa. Ya jawo shi waje, ya danne shi a ƙasa, ya buɗe idon da yatsa ya riƙa kwarara masa ruwa, jarka bayan jarka, yana ihu a ƙaro. Ni ina tsaye riƙe da bokiti, ko ɗaga shi na kasa yi. Aka sa shi a mota sai asibiti.

Sati uku muka yi. Ranar da aka kwance bandejin, likita ya ɗaga yatsu a gabansa ya ce nawa ne. Auta ya ce yana dai ganin alamar taga, akwai haske ta can. Iyakar abin da ya rage masa ke nan har yau. Yana bambanta rana da inuwa, shi ke nan. Jikarsa da ya ce ta ɗauko hancina, sau ɗaya tak ya gan ta.

Masu zuwa dubiya kowa sai ya tambayi yadda aka yi. Ina zaune a gefen gado ina jira ya faɗa. Sai ya ce, "Tsohon batir ne, ya gaji. Laifina ne, ya kamata in kashe cajar daga bango kafin in taɓa." Haka ya faɗa wa 'yarsa, haka ya faɗa wa kowa. Mai aski ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai, bai taɓa ɗaga maganar ba. Da sun zage ni, da na samu sauƙi. Na sha ƙyamar abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ta hannuwan nan nawa ba, masu ƙamshin sabulu.

Auta bai yarda ya zauna a gida ba. Bayan wata biyu ya ce a kai shi shago. Kafin ranar na je ni kaɗai da guduma na farfasa simintin, na ƙara wa hujin faɗi, na cire katakon bayan akwatin, na ɓamɓare tiyub ɗin na jefa a lambatu. Bakanike ya kawo wasu batiran, aka sa cajar da ke tsayawa da kanta. Yanzu wuƙa da almakashi shi yake wasa su, da yatsa yake jin kaifi. Makulli kuwa ni nake yankawa, a tsufana, da tabarau ɗinsa a fuskata. In na gama in miƙa masa, ya shafa tsohon, ya shafa sabon, ya ce, "Haƙori na uku, ki ƙara ci kaɗan." Bai taɓa kuskure ba. A nan nake cin abincina, ɗoyin lambatu na bugun fuskata, ina korar ƙuda da bayan hannu. Har gobe zuciyata tashi take yi, ban saba ba, kuma ba na jin zan saba.

Kullum da safe in muka iso, yakan tsaya a bakin ƙofa ya ɗan ɗaga hanci kafin ya shiga. Na ɗauka hutawa yake yi. Sai ranar nan da aka kwana ana ruwan sama mai ƙarfi, ya wanke lambatun tas, har ana ganin ƙasansa. Na buɗe shago, iska mai daɗi, ba wari ko kaɗan. Na shiga na ajiye kwano, na juyo na ga Auta tsaye a waje, ya riƙe bakin ƙofa da hannu biyu.

"Shigo mana," na ce.

Bai motsa ba.

"Auta, lafiya?"

Ya yi ƙasa da murya yadda mai aski ba zai ji ba, ya ce, "Yaya, yau ban ji warin ba."

Na ce masa ruwan sama ne. Ya ce to, amma bai saki ƙofar ba. Sai da na kama hannunsa, na durƙusar da shi gaban akwatin, na zura hannun ta bayan batiran har yatsunsa suka fita waje suka taɓo jiƙaƙƙen bango. Ya shafa bakin hujin ya zagaye shi duka, a hankali, yadda yake shafa makulli. Sannan ya miƙe ya lalubi kujerarsa ya zauna, ya ce in miƙo masa almakashin da tela ya kawo jiya.